Yaya Bok-rye, Wa Zai Ɗanɗana Mana Rijiya?

Ranar Talata, 5 ga Maris, 2024, da misalin ƙarfe goma na hantsi, ina duƙe a gonar tafarnuwa ina yaye ledar da muka lulluɓe kunyoyi da ita tun shigowar sanyi, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Eun-ha ce, matar ɗanki. Ba ta gaishe ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara goman da ta yi a garin nan. Cewa kawai ta yi, "Kawu, Mama ta rasu." Ta same ki zaune a bakin ƙofa kin jingina da bango, takalmin roba ɗaya a ƙafa, ɗayan a hannu. Bakin teku za ki, kamar kullum. Shekarunki tamanin da uku.

Mun yi zaman makoki kwana uku, ranar Alhamis muka kai ki kan tsauni kusa da mijinki. Ni, Myeong Du-cheol, tsohon dagacin Solgae, ni aka ɗora wa rubuta ta'aziyyarki, ke Yaya Bok-rye, a takardar gari, wai don na fi kowa daɗewa ina shan faɗanki. Na karɓa. Amma ba zan ɓoye wa kowa ba, tun daga ranar Talatar nan tsoro ya fi baƙin ciki yawa a zuciyata, kuma ina jin kunyar hakan. Rijiya bakwai garin nan yake da su da, yanzu ɗaya ta rage da ake iya sha, wadda take bayan gidanki a unguwar arewa, gidaje arba'in da ɗaya duk daga ita muke jan ruwa. Ranar 21 ga watan nan za a zauna a ɗakin taro a yanke shawara ko za a miƙa katangar siminti ta bakin teku har gaban wannan rijiya. Ke ce za ki tashi ki yi magana a taron, sai ga shi kin riga shi da kwana goma sha shida.

Ina da shekara takwas aka kawo ki garin nan amarya, tun daga ranar nake ce miki Yaya, har muka yi furfura tare. Ba zan ce ke mai sanyin hali ba ce, don za a ce tsufa ya fara taɓa ni. Bakinki yana da kaifi, kuma ba kya jiran a tambaye ki. Sai dai alherinki ɓoye shi kike yi kamar abin kunya. Shekarar da aka yi wa matata aiki a asibiti, kwana ashirin ban leƙa gona ba, na dawo ina zaton ciyawa ta cinye tafarnuwa, na tarar da kunyoyi tas. Na zagaya gari ina tambaya, kowa ya ce bai sani ba. Da na zo wurinki kika ce, "Ni? Gonarka da ko akuya ba ta sha'awa?" Ga gwiwoyinki duk sun kumbura, kina tafiya da ƙyar. Haka kuma duk matar da ta haihu a Solgae cikin shekara hamsin, tukunyar miyar ganyen teku ta farko daga hannunki take fitowa, ki ajiye a ƙofa, ki yi wa mijin tsawa ya ɗauka ya shiga da ita.

A gidan masu dafa gishiri aka haife ki, kina alfahari da hakan. Shi ya sa da hawan jini ya kayar da ke a 1998, likita ya ce ke da gishiri har abada, sai garin ya ɗauka kamar wasa. Mu mutanen bakin teku ne, kifinmu na gishiri ne, jatan landenmu na gishiri ne, kimci kuwa, kabejinmu na yaji da gishiri, in bai ciji harshe ba sai mu ce an yi wa mara lafiya. Kin yi shekara biyu kina zagin likitan nan safe da yamma, amma ba ki karya dokarsa ba ko sau ɗaya. Kina wanke kimci a kwanon ruwa kafin ki ci, muna yi miki dariya. Ba wanda ya lura, har ke kanki da farko, cewa harshenki yana farfaɗowa, namu kuma yana nan a dakushe.

Yanzu sai in faɗi nawa laifin, tunda ba kya nan balle ki faɗa mini. A 2009 ni ne dagaci. Aka zo mana da zane daga gunduma: a yanke tudun yashi na unguwar kudu, a baje shi ya zama wurin ajiye motoci da kafa tantunan masu zuwa hutu, a gina katangar siminti a gabansa ta tare teku. Matasa suna ta barin gari, na ga kamar ga abin da zai tsayar da su. A taron, kowa ya yi na'am sai ke. Kika miƙe daga can baya wajen mata kika kira ni da sunan 'yata, yadda kika saba.

"Baban Hye-ran, in kun yanke tudun, me za mu sha?"

Na ce, "Yaya, ruwa a rijiya yake, ba a tudu ba. Masu zanen nan fa jami'a suka yi."

Aka fashe da dariya, ni ma na yi, har na ji daɗin kaina. Kika ce, "To, Allah ya sa jami'ar tana da rijiya," kika sa takalminki kika fita. Washegari na buga hatimina a takardar.

Shekara shida ba abin da ya faru, ko in ce ba abin da muka ji. Masu hutu sun zo, an buɗe shaguna biyu, ni kuma ina yawo ƙirji a gaba. Sai Nuwamban 2015, lokacin haɗa kimci na shekara. Al'adarmu a nan ba ma ɓarnar gishirin buhu: a ruwan teku muke jiƙa kabeji ya kwana, da safe a ɗauraye shi sau uku a rijiyar kudu da ke jikin ɗakin taro, sannan a cusa yaji. A wannan shekarar Eun-ha aka ba kula da jiƙon, shekararta ɗaya da zuwa daga birni. Kabeji ɗari shida suka fito da gishirin da ko mu sai da muka yamutsa fuska. Mata suka yi mata caa. Wata ta ce ta bar shi ya wuce lokaci, wata ta ce 'yan birni ko agogo ba su iya dubawa ba, aka ce a sake ɗaurayewa. Aka ɗauraye na huɗu, aka yi na biyar, gishiri yana nan. Yarinyar tana tsaye hannuwanta jajur saboda sanyi, hawaye yana zuba, tana ta ba da haƙuri a kan abin da ba ta yi ba.

Ke ba ki taɓa kabejin ba. Kika nufi kwamin ɗauraya, kika tsoma yatsa, kika kai baki, kika tofar.

"Ku sakar mini yarinya. Gishiri kuke wankewa da gishiri."

Duk muka ɗanɗana, har da ni, muka ce ruwa lafiya lau. Wata tsohuwa ta ce ai dole uwar miji ta kare matar ɗanta a gaban mutane, a gida a yi ta ta ƙare. Kika aika aka kawo murfin tukunya biyu baƙaƙe, kika kifa su a kan wuta, kika zuba ruwan rijiyar kudu a ɗaya, ruwan rijiyarki a ɗayan, muka tsaya muna kallo har suka ƙone ƙurmus. Murfin farko ya yi fari kamar an barbaɗa gari, na biyu bai nuna komai ba. Daga ranar Eun-ha ta daina ce miki surukuwa a bayan ido, Mama take cewa ko'ina.

Bayan kwana biyu, ruwan teku ya janye da rana, kika zo ƙofar gidana kika ce in biyo ki, kuma in cire takalmi. Disamba ta kusa, yashi yana yanka ƙafa. Muka fara da gaɓar arewa, wadda ba a taɓa ba, shimfiɗaɗɗiya mai faɗi, tudunta yana bayanta da itatuwan da kakanninmu suka dasa don tare iska. Kina tafiya kina ƙirga taku a fili. A taku ɗari uku sai na ji ɗumi a tafin ƙafata, yashin yana tsatsafo da ruwa. Kika ce in kamfata in sha. Ruwan daɗi ne, a tsakiyar inda teku yake kwana sau biyu a yini. Na san da shi mana, duk mun sani, a nan iyayenmu mata suke ɗauraye katantanwar da suka tono su wanke ƙafa kafin su hau gida. Ban dai taɓa tambayar kaina daga ina yake zuwa ba.

Kika ce, "Buɗe kunnenka, Dagaci, ba zan maimaita ba. Ruwan saman da ya sauka a kan tudun can ba ya gudu, shiga yake ya kwanta a ciki. Tudun nan shi ne randarmu. Daga can yake gangarowa ta ƙarƙashin ƙafarmu a hankali, yana tura ruwan gishiri baya. In gaɓa tana kwance haka, teku in ya cika saman yashi kawai yake jiƙawa, gishirinsa ya nutse kamu biyu ko uku, ya zagayo ya koma inda ya fito. Namu yana bi ta ƙarƙashinsa har nan. Muddin yana fita a nan, da nisa, rijiya tana lafiya. Yanzu zo ka ga aikinka."

Muka koma kudu. Shekara shida ina wucewa ta kan katangar nan, ban taɓa sauka gindinta ba. Igiyar ruwa ta yi ta dukan siminti tana komawa da yashi, har gaɓar ta miƙe tsaye, sai mun dafa muke sauka. Kika ƙirga, taku tamanin kacal muka kai inda ruwan daɗin yake tsatsafowa, a da ɗari uku da ashirin ne. Ba ɗumi, ba ƙarfi, na sha na ji bauri. Kika ce randar an fasa rabinta, sauran kuma yana tsiyayewa da wuri tunda hanyar ta gajarce, ba shi da nauyin tura komai. Ruwan gishiri ya fi namu nauyi, ta ƙasa yake rarrafowa, ba a ganinsa sai ya iso gindin rijiya. Na tsaya ƙafafuna sun mutu da sanyi, ina jira ki tuna mini da dariyar da na sa aka yi miki. Ba ki yi ba, ba kuma ki taɓa yi ba har kika koma ga Mahaliccinki. Cewa kika yi in je in sa takalmi kafin matata ta ce kin kashe mata miji.

Daga nan rijiyoyi suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, daga kudu zuwa arewa, kowacce ke kike fara faɗa wata uku ko huɗu kafin wani ya ji. Tafarnuwar gonakin kudu ta fara ƙonewa a bakin ganye. Na ajiye dagaci a 2017, ba wanda ya ce in ajiye, ban dai iya hawa lasifikar gari in yi wa mutane sanarwa ba. Ke kuwa kika ɗauki aikin da ba wanda ya ba ki. Duk cikar teku babba, ta tsayuwar wata da ta tsakiyarsa, sai ki zagaya rijiyoyi da kwalbar da kika ɗaura wa dutse, ki zura ta har ƙasa, ki fizge toshiyar da zare, don kin ce ruwan sama-sama maƙaryaci ne, gishiri a gindi yake kwanciya. Ma'aikacin gunduma yana zuwa da na'urarsa ta auna gishiri sau biyu a shekara, bayan damina ta cika ƙasa, ya ɗebo daga sama ya rubuta lafiya lau. Kika tsare shi a hanya kika ce in yana da zuciya ya zo a bazara, kwana biyu da tsayuwar wata, bayan ruwa ya cika. Mutumin kirki ne, ya zo ranar hutunsa da motarsa, ya auna abin da ke cikin kwalbarki, ya cire hula ya rusuna miki. An canja masa wurin aiki bara.

Ba zan zalunci Pyeon Gi-tae ba, dagacinmu na yanzu, ƙanin matata. Shi ne yake son a miƙa katangar, kuma ba don kansa ba ne. Guguwar Agustan bara ta cinye hanyar arewa, ruwa ya shiga gida uku, shi ya goyo tsohuwa mai shekara casa'in a bayansa ruwa har ƙugu. Wanda ya ga haka in ya ce a gina bango ba za a ce ya yi hauka ba. Tsoro biyu ne suke fuskantar juna a garin nan, na ruwan da yake zuwa ta sama kowa yana gani, da na wanda yake zuwa ta ƙasa. Ke ba ki taɓa cewa a zauna a naɗe hannu ba. Ke da tsofaffin mata biyar kuka yi damina biyu da sanyi biyu kuna kafa shingen gora a gindin tudun arewa, iska ta kawo yashi ya taru a bayansa, har ya kai gwiwa. Kin ce a ba shingen shekara biyar, a ɗaga hanyar a mayar da ita bayan itatuwa. Gi-tae ya ce guguwa ba ta san shekara biyar ba. In na ce ban gane maganarsa ba na yi ƙarya.

Farkon Disamban da ya wuce kika aiko a kira ni. Na same ki a ɗaki kin rame, kina ɓare tafarnuwa.

"Baban Hye-ran, daga gobe ba kai ba gishiri."

"Yaya, ni jinina lafiya lau, an auna."

"Wa ya damu da jininka? Harshenka nake so. Ni na kusa, kai ma kana gani. Hannunka ne ya buga hatimi, harshen ma ai naka ne, sai ya yi aikin gyara."

"Me ya hana ki ɗora wa Eun-ha? Ta fi ni ƙuruciya."

"Eun-ha tana da abin yi. Kai in ban da surutu a ɗakin taro me kake tsinanawa? Kuma in ita ta faɗa, za su ce 'yar birni ce. In kai ka faɗa, za su ce lallai abin ya kai, tunda har Du-cheol ya sauko."

Na koma gida na gaya wa matata, ta ajiye ludayi ta dube ni. Ta ce, "Shekara arba'in ina cewa ka rage ka ƙi ji. Yaya ta faɗa sau ɗaya ka zama ɗan rago." Makon farko na sha wuya ba kaɗan ba, shinkafa da miya duk ɗanɗanon takarda, na yi ta huci a gida kamar wanda aka hana taba. Duk ranar Lahadi bayan na taso daga coci sai in biya gidanki, ki jera mini kofi uku na ruwa, ɗaya kin jefa masa ƙwayar gishiri biyu, ki ce in nuna shi. Watan Janairu gaba ɗaya ban ci gwajin ko sau ɗaya ba. Ranar sabuwar shekararmu ta lissafin wata, cikin Fabrairu, jikokina suka zo, na saci jatan lande cokali guda, washegari da na faɗi gwajin kika ce, "Me ka ci jiya, ɓarawo?" A ƙarshen Fabrairu na ci sau biyu a jere. Ba ki yaba mini ba, kin dai ce wata uku ba shekara ashirin da biyar ba ce, kada in fara ɗaga kai.

Ranar Asabar, kwana biyu da binne ki, muka hau tsauni da iyalinki don gaisuwar kabari kamar yadda ake yi. Aka shimfiɗa tabarma, aka jera shinkafa da romon nama da awara da 'ya'yan itace, muka rusuna sau biyu, sannan aka zauna a ci abin da aka ajiye miki. Eun-ha ta miƙo mini kwanon romo. Na kurɓa, na ji wani abu can a gefen harshe, ƙanƙani, har raina ya yi sanyi don na zaci tausayi ne.

Na ce, "Sannu Eun-ha, yau kin ɗan sa wa Mama gishiri ke nan. Kin kyauta, yanzu ai likita ba shi da iko da ita."

Ta dube ni. "Kawu, ban sa ba. Ko ƙwaya. Yadda nake dafa mata kullum haka na dafa, hannuna bai san wani ba."

Gi-tae yana gefe ya kurɓi nasa ya ce wannan ai ruwan zafi ne, a miƙo masa kimci. Kowa ya yi dariya kaɗan, irin ta makoki. Ni da Eun-ha ba mu yi ba. Na yi ta nema wa abin dalili muna saukowa: ko awarar ce, ko naman, ko hawayen da na sha kwana huɗu ne suka ɓata mini baki. Da muka isa gida ba mu ce wa kowa komai ba, ta ɗauko kwalbarki daga ƙusar da take rataye, muka zagaya bayan gida. Jajibirin tsayuwar wata ne, teku ya cika har gindin gora. Na zura kwalbar, na fizge zaren, na jawo, na sha. Yana nan, Yaya. Ba shi da yawa, wanda yake cin abincinmu ba zai ji ba, amma yana nan. Muka ƙona shi a murfin tukunya, ya bar zobe fari siriri kamar zare.

Ranar Lahadi ban je coci ba. Na cire takalmi na bi gaɓar arewa ina ƙirga taku, na sami ɗumin a ɗari biyu da goma sha huɗu. Na ce ko takuna ya fi naki faɗi, na sake da gajeren taku, bai kai ɗari biyu da hamsin ba. Daga inda katangar kudu ta ƙare teku ya zagayo yana cin gaɓar arewa ta gefe, guguwar bara kuma ta kwashi nata. Ban sani ba ko kin riga kin ji shi a bakinki tun Disamba, shi ya sa kika yi gaggawar kira na. Ban sani ba ko da ƙarshen damina zai koma baya, ko kuwa haka sauran shidan suka fara. Ke kaɗai za ki iya gaya mini, kuma duk lokacin da tambayar ta taso sai in ji ƙafata ta nufi gidanki.

Na gaya wa Gi-tae ranar Litinin. Ya ɗauko na'urar gari daga aljihun teburinsa, ya ɗebo guga daga sama, ya ce lamba ba ta wuce ƙa'ida ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaya Du-cheol, baƙin ciki ne, je ka huta, ka ci abinci irin na mutane." Na roƙe shi ya ɗaga taron kwana biyar, zuwa cikar teku ta tsakiyar wata, mu zura kwalba tare a gaban kowa, don ranar 21 teku yana kwance, ba ya cika sosai, rijiya za ta yi daɗi ta yaudare mu. Ya ce gunduma tana jiran takarda ranar 22. To, shi ya sa na rubuta shi a nan, inda kowane gida zai karanta. Jama'ar Solgae, ni ne na sa kuka yi wa matar nan dariya a 2009, ni ne na buga hatimi, rijiya shida sun tafi a kan hatimina. Ranar 21 zan tashi a inda ta saba tashi, da murfin tukunya a hannuna. Ba ni da bakinta, harshena kuma na wata uku ne, ina tsoron ku ce tsufa ne, ina kuma tsoron in zama ni ne na yi kuskure a karo na biyu, guguwa ta zo ta sami gida uku ba bango. Duk da haka ina roƙonku kada ku ɗaga hannu sai kun sha daga gindin rijiyar.

Yaya Bok-rye, ke a haikalin kan tsauni kike kai goshinki ƙasa, ni a coci, kin sha ce mini Wanda muke kira ba kurma ba ne, ba sai da ƙararrawa ba. Ina roƙonsa ya jiƙanki, ya yafe miki kaifin bakinki saboda taushin hannunki, ya sanyaya makwancinki, ya shayar da ke ruwan da ba ya gurɓata. Ya saka miki da alheri a kan kowace tukunya da kika ajiye a ƙofar mai jego, da kowace safiya da kika taka yashi mai sanyi saboda mutanen da suke miki dariya. Ni kuma ki yafe mini, ban taɓa buɗe baki na roƙe ki ba kina da rai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanki Guk Sang-yeol, da 'ya'yanki mata biyu da suka zo daga nesa, da jikokinki bakwai, da tsofaffin mata biyar da kuka kafa gora tare, Allah ya ba su haƙuri ya tsare bayanki. Ta'aziyya ta musamman ga Eun-ha. Kwana arba'in da tara za ta yi tana ajiye miki kwanon ruwa kowace safiya a gaban hotonki, kamar yadda al'ada ta ce. Jiya na gamu da ita tana fitowa daga shagon bakin hanya, ta rungumo ruwan roba guda shida, tana ɓoye su da gefen rigarta. Na ce mata ai na rijiyar har yanzu yana shayuwa, mu duka shi muke sha. Ta ce, "Mu za mu iya sha, Kawu. Ita ba zan iya ba ta ba, za ta gane."